Gawa Ba Ta Tuba: Shin Ya Dace Gwamnati Ta Sayi Maganin Farfaɗo da Masu Shaye-shaye?

A wani gida a Nyanya, ko Kubwa, ko Lugbe, cikin unguwannin da ke kewaye da birnin Abuja, uwa za ta iya shiga ɗakin ɗanta da asuba domin ta tashe shi addu'ar safe, ta tarar da shi kwance ba ya motsi. Ta kira sunansa, shiru. Ta girgiza shi, bai amsa ba. Numfashinsa ya yi ƙasa ƙwarai, yana wani irin minshari, ƙwayar idonsa kuma ta tsuke ta zama kamar kan allura. A gefen katifa ga fankon kwalbar kodin da ɓawon ƙwayoyi. Daga wannan lokaci abin da ya rage wa yaron mintoci ne, gama ƙwaƙwalwar da ta rasa iska takan soma lalacewa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Asibiti kuwa yana da nisa, kuma duk wanda ya taɓa bin hanyar Nyanya zuwa cikin gari da safe ya san abin da cunkoson motoci yake nufi.

Akwai maganin da aka yi domin irin wannan sa'a, sunansa nalokson. Kodin, da tiramadol, da mofin, da fentazosin, da heroyin duk dangi ɗaya ne, dangin ofiyom, kuma idan suka yi yawa a jiki sukan danne sashen ƙwaƙwalwa da ke kula da numfashi har mutum ya daina shaƙar iska. Nalokson yakan ture su daga inda suka manne, numfashi ya dawo cikin minti biyu zuwa uku. Ana ba da shi ta allura ko ta feshi a hanci. Ba ya sa maye, kuma idan aka ba wanda bai sha dangin ofiyom ba, ba ya yi masa kome. An amince da shi a Amurka tun 1971, yana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2014 hukumar ta ba da shawara cewa a sa shi a hannun mutanen da ake zaton za su iya tarar da wanda ya suma, wato 'yan uwa, da abokai, da ma'aikatan agaji.

Tambayar da ke gaban iyalai masu tsoron Allah ita ce: ya dace a ɗebi kuɗin jama'a a sayi wannan magani, a rarraba shi, domin a ceci mutumin da ya jefa kansa cikin hatsari da hannunsa?

Girman matsalar

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya gano cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye cikin shekarar da ta gabaci binciken. Miliyan 4.6 daga cikinsu sun sha magungunan dangin ofiyom ba bisa umarnin likita ba, kuma ɗaya cikin kowane masu shaye-shaye huɗu mace ce. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta haramta yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC da ya tona asirin cinikinsa. Duk da haka hukumar NDLEA tana ta kama tiramadol mai ƙarfin miligiram 225, alhali wanda doka ta yarda da shi bai wuce 100 ba. Wannan lissafi bai tsallake gidan kowa ba. Akwai 'ya'yan dattawan ikilisiya a ciki, akwai matan aure, akwai masu aikin ƙarfi da suka soma sha domin su jure gajiya.

Me ya sa sai gwamnati?

Yawancin magunguna mai ciwo ne yake neman su da kansa. Nalokson dabam yake, domin mai bukatarsa a sume yake, ba ya iya aike, ba ya iya ciniki. Dole wani ya riga ya saya, ya ajiye, tun kafin ranar. Mai kemis kuwa ba zai zuba jarinsa cikin kayan da ba a cika tambaya ba har wa'adinsu ya ƙare a kan kanta. Uwa ma ba za ta je ta tambaya a bainar jama'a ba, gama yin haka daidai yake da shelar cewa ɗanta yana shaye-shaye. Idan aka bar wa kasuwa, magani zai yi tsada, ya yi wuyar samu, masu jabu kuma su cike gurbin.

Sayen sari na bai-ɗaya shi ne maganin wannan. Mai saye da yawa yana iya karya farashi, yana iya tilasta inganci ta hannun NAFDAC, yana kuma iya sanin inda kaya suka ƙare da inda suka yi kwantai. A 2024 jihar Kalifoniya ta Amurka ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfani ta riƙa sayen feshin nalokson a kan dala 24 kowane kwali mai guda biyu, ƙasa da farashin kasuwa da kusan kashi 40 cikin 100. Asibitocin mishan na Nijeriya sun daɗe da sanin wannan hikima. Ƙungiyarsu ta CHAN, wadda aka kafa a 1973, ta buɗe sashen magunguna a Jos domin ƙananan asibitoci su haɗa ƙarfi su sayi magani mai kyau da sauƙi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abuja ma ta riga ta taka wannan hanya. Tsarin ƙasa na yaƙi da miyagun ƙwayoyi na 2021 zuwa 2025 ya amince da matakan rage illa ga masu shaye-shaye, kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta lissafta nalokson cikin waɗannan matakai. A 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da wani shiri mai suna Medipool, wanda Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya gabatar, domin sayen muhimman magunguna a dunƙule. Ashe tsari a takarda akwai shi. Abin da ya rage shi ne jama'a su gamsu a lamirinsu cewa abin ya dace, domin abin da jama'a suke ƙyama, ɗan siyasa ba ya zuba masa kuɗi.

Hujjojin masu adawa

Masu adawa da wannan shiri ba marasa tausayi ba ne, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa.

Na farko suna cewa mai shaye-shaye shi ya jawo wa kansa. Gaskiya ne akwai zaɓi a farkon al'amarin, kuma zunubi sunansa zunubi. Amma da za a bi wannan ma'auni a ƙofar asibiti, da majinyata da yawa sun koma gida. Ɗan acaɓa da ya yi gudun ganganci ba hular kwano, da mai hawan jini da ya ƙi jin gargaɗin likita, duk da hannunsu cikin abin da ya same su. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ƙin ba da agajin gaggawa bisa kowane dalili. Dokar 2017 kuma ta wajabta wa asibitoci karɓar wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ko da ana zaton ɗan fashi ne. Ƙasa ta riga ta yanke cewa a ceci rai tukuna, shari'a ta biyo baya. Irin wannan muhawara aka yi a kan cutar ƙanjamau, lokacin da wasu suka ce masu ita sun girbi abin da suka shuka. Gwamnati ta soma ba da maganin kyauta a 2006, kuma iyaye da yawa da aka fid da tsammani a kansu sun rayu har sun aurar da 'ya'yansu.

Na biyu suna cewa idan mashayi ya san akwai mai tashe shi, zai ƙara sakin jiki. Wannan tsoro yana da ma'ana, sai dai binciken da aka yi a ƙasashen da suka daɗe suna raba maganin bai nuna cewa masu karɓarsa sun ƙara yawan sha ba. Farkawa ta hanyar nalokson ba abin marmari ba ce. Wanda jikinsa ya saba da ƙwaya yakan farka da amai, da gumi, da ciwon gaɓoɓi. Ba mai cinna wa gidansa wuta don ya ji an kawo motar kashe gobara unguwarsu.

Na uku, wadda ta fi nauyi, ita ce ta ƙarancin kuɗi. Yara suna mutuwa da zazzaɓin cizon sauro, mata suna rasuwa wajen haihuwa, a Kaltungo kuma manoma sukan rasa maganin saran kububuwa idan kaya suka yanke. Da wane ido za a dubi waɗannan a ce an sayi maganin mashaya? Ba wanda zai ce a rage wa yaro maganin zazzaɓi. Amma a nan Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba. Wanda ya hana yaro magani shi ne wanda ya tauye kason lafiya, da wanda ya karkatar da abin da aka ware. Ba daidai ba ne a haɗa marasa lafiya faɗa a kan ragowar tuwo, a ƙyale wanda ya ɓoye tukunya.

Magani a sito bai ceci kowa ba

Saye rabin aiki ne. Kwalin nalokson da ke kulle a babban siton magunguna na Idu, ko a ofishin wani darakta, ba shi da amfani ga yaron da ke kwance a Kuje ko Abaji. A nan ne za a gane ko gwamnati ta yi domin rai ne ko domin hoton biki. Birnin tarayya yana da ƙananan hukumomi shida: Birni, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Ya kamata magani ya kasance a ƙananan asibitocin kowace mazaɓa, da motocin agaji, da hannun jami'an kiyaye haɗurra, da cibiyoyin gyaran hali, da gidajen da aka san akwai mai fama. Sikotilan ta soma irin wannan shiri a faɗin ƙasarta a 2011, tana ba fursunoni maganin ranar da aka sallame su, domin wanda ya daɗe bai sha ba shi ya fi shiga hatsari idan ya koma kan tsohon ma'auninsa. Wannan darasi ya shafi duk iyalin da ɗansu ya dawo daga gidan gyaran hali.

Dole ne kuma rabo ya tafi tare da horo. Ƙarfin nalokson yakan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, ƙwayar kuwa tana iya daɗewa fiye da haka, saboda haka wanda ya farfaɗo yana iya sake suma, kuma tilas a kai shi asibiti. Tiramadol yana da wata illa ta dabam, yakan kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda nalokson ba ya warkarwa. Ɗura wa sumamme madara, ko manja, ko ruwan gishiri na iya shaƙe shi. Akwai kuma batun tsoro. Abokan da suka ga ɗayansu ya faɗi sukan gudu domin kada a kama su. Idan ma'aikatar lafiya tana raba magani, jami'an tsaro kuma suna kama duk wanda aka gani da shi, hannun dama ya rushe abin da hagu ya gina. Shi ya sa aikin yake bukatar hukumomi su zauna a teburi ɗaya, su kuma bayyana wa jama'a nawa aka saya, a kan nawa, aka kai ina.

Abin da ya rage wa iyali

A cikin misalin Basamariye da ke Bisharar Luka sura 10, ba a ji matafiyin ya tambayi wanda aka yi wa rauni dalilin da ya sa ya bi hanyar Yariko mai hatsari shi kaɗai ba. Abin lura kuma shi ne yana ɗauke da mai da ruwan inabi a cikin kayansa. Da tausayi kaɗai gare shi, da sai dai ya tsaya ya yi juyayi. Jinƙai yana bukatar tanadi, kuma a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, gwamnati ce kaɗai take da ƙarfin yin tanadin da zai kai kowane lungu.

Nalokson ba ya raba mutum da shaye-shaye. Abin da yake bayarwa kwana ɗaya ne kawai na ƙari, sauran aikin na likita ne, da iyaye, da fasto, da shi mai famar kansa. Wasu za a tashe su sau biyu ko uku kafin su juyo, wasu ma ba za su juyo ba. Amma duk mai wa'azin tuba ya san cewa mai rai ake yi wa shi. Iyayen da suka yi shekaru suna azumi da addu'a domin ɗansu ya dawo hanya suna roƙon lokaci ne, kuma wannan ƙaramar kwalba lokaci take saye.

Saboda haka ya dace iyalin da ke da mai fama su daina ɓoyewa, su nemi likita ko ma'aikacin lafiya su tambaye shi game da nalokson da yadda ake amfani da shi, su kuma riƙe lambar kiran gaggawa ta 112. Ya dace zumuntar mata da ta matasa su gayyaci ma'aikatan jinya da ke cikinsu su koya wa jama'a alamun nan uku: suma, raunin numfashi, da tsukewar ƙwayar ido. Ya kuma dace masu zaɓe su tambayi kansila da ɗan majalisa ko akwai maganin a asibitin unguwarsu. Uwar da ta shiga ɗakin ɗanta da asuba ba za ta sami zarafin yin waɗannan tambayoyi a ranar ba.