Idan Zuciya ta Bushe, Bangaskiya ta Mutu Ke Nan?

Akwai maganar da muke yawan ji daga bakin masu bi: "Na je Misa, na yi addu'a, amma ban ji kome a zuciyata ba." Daga nan waɗansu sukan ja da baya, waɗansu kuwa su shiga neman inda za a motsa su har su zub da hawaye, suna zaton hawaye ne ma'aunin bangaskiya. Ya kamata mu auna wannan zato da kyau, gama yana raba mutane da bagaden Ubangiji.

Ba mu raina motsin zuciya ba. Allah ne ya halicce mu da shi, Ubangijinmu ma ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Sai dai motsin zuciya kamar ruwan sama yake, yau ya sauko, gobe ya ɗauke. A daren da aka kama Yesu, Bitrus ya yi alkawari da zafin zuciya cewa zai mutu tare da shi, amma kafin zakara ya yi cara ya yi musun saninsa sau uku.

Shi ya sa Ikilisiya take girmama hankali. A shekara ta 1870 Majalisar Batikan ta Farko ta koyar cewa mutum yana iya sanin Allah da hasken hankalinsa ta wurin duban halitta. A 1998 kuma Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya rubuta wasiƙa guda a kan bangaskiya da hankali, yana nuna cewa kowannensu yana bukatar ɗan'uwansa. Zuciya tana gaya mana abin da muke ji, hankali kuwa yana tambaya ko abin gaskiya ne. Gaskiya ba ta sākewa domin mun tashi da baƙin ciki.

Duk da haka, hankali yana da iyaka. Waliyi Toma Akwinas, babban masanin Ikilisiya, ya ajiye alƙalami a 1273 bayan abin da Allah ya nuna masa a lokacin Misa, har ya ga rubuce-rubucensa kamar ƙaiƙayi ne. Wanda ya haddace katikisma bai ƙaunaci maƙwabcinsa ba, da sauransa.

Mu dubi Uwa Teresa ta Kalkuta. Ta rasu a 1997, sai a 2007 aka buga wasiƙunta, duniya ta san cewa kusan shekara 50 ta yi ba ta jin kusancin Allah a zuciyarta. Amma ba ta bar Misa ba, ba ta bar jiyyar marasa galihu ba. A 2016 Paparoma Faransis ya sa ta cikin waliyyai. Abin da ya riƙe ta shi ne abin da ta sani, da alkawarin da ta ɗauka, da alherin Allah.

Saboda haka, idan rani ya same mu cikin addu'a, kada mu ce Allah ya yashe mu. Manomi ba ya cinye irinsa domin ƙasa ta bushe, yakan adana shi ya jira damina. Mu riƙa zuwa Misa, mu kai tambayoyinmu wurin Fada ko katikis ba tare da jin kunya ba. Allah ya ƙarfafa mu, ya riƙe mu har ƙarshe. Amin.