Abin Lura Daga Sulalla Uku na Jamus

Masu tara tsofaffin sulalla suna da ladabinsu. Ta gefe suke riƙe sulai, ba sa ɗora yatsa a fuskarsa, ba sa kuma goge shi don ya yi ƙyalli, domin gugar tana zubar masa da daraja. Wanda ya ƙware a kan na Jamus yakan fara da neman wani ɗan mitsitsin harafi da ke nuna garin da aka buga kuɗin: A na Berlin, D na Munich, F na Stuttgart, G na Karlsruhe, J na Hamburg. Amma ko wanda bai san waɗannan ba, idan aka jera masa sulalla uku a gabansa, zai karanta darasi mai girma.

Na farko shi ne Mark 20 na 1913. Bayan haɗewar Jamus a 1871 aka kawo Mark ya maye gurbin kuɗaɗen masarautu daban-daban. Wannan sulai nauyinsa ya kusa giram 8, kashi tara cikin goma zinariya ce. Gefe ɗaya kan Sarki Wilhelm na Biyu, ɗaya gefen kuma mikiyar daula. Lambar da ke jikinsa ƙarama ce, amma da za a narkar da shi, lambar ta ɓace, darajarsa tana nan.

Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, gwamnati ta daina ba da zinariya a madadin takardar kuɗi, ta koma cin bashi. Ƙananan kuɗin ma sai aka riƙa buga su da baƙin ƙarfe da tutiya, saboda ƙarafa masu kyau sun tafi ƙera makamai. Bayan yaƙi ga bashi, ga diyya, ga sojojin Faransa da Beljiyam sun mamaye yankin Ruhr a Janairun 1923. Gwamnati ta sakar wa injinan buga kuɗi linzami.

A nan na biyu ya fito: Mark 500 na 1923, na alminiyam, wanda bai kai giram 2 ba. Idan aka ɗora shi a tafin hannu, da ƙyar a ji akwai wani abu. Lambarsa ta ninka ta na zinariyar sau 25, amma cikin ɗan lokaci ya kasa sayen komai. A Nuwamban wannan shekara dalar Amurka ɗaya ta kai Mark tiriliyan 4.2. Lardin Westfalen ma har sulai na tiriliyan ɗaya ya buga. Shi ya sa har yau ake samun Mark 500 ɗin da araha, da yawansu sabbi fil, domin ba su daɗe a hannun 'yan kasuwa ba. Tsofaffin da suka yi shekaru suna tanadi suka wayi gari ba su da na burodi.

Na uku shi ne Pfennig 50, wato rabin sabon Mark, da aka fara bugawa a 1949 a Jamus ta Yamma. Babu zinariya, babu azurfa, babu kan sarki. Hoton wata mata ce a durƙushe tana dasa ɗan itace, don tunawa da matan da suka raya dazuzzukan ƙasar bayan yaƙin duniya na biyu. Wannan ɗan kuɗi ya yi sama da shekara 50 ana ciniki da shi, har zuwan Yuro a 2002, kuma har gobe babban bankin Jamus yana karɓarsa ya ba da canji. Abin da ya riƙe shi shi ne aikin jama'a da hukumar da ta ƙi buga abin da ba za ta iya tsaya masa ba.

Ashe lambar da aka buga a jikin kuɗi alkawari ce kawai, kyan alkawari kuwa cikawa. Haka lamarin mutum yake. Ana iya tara muƙamai da kirari da manyan alkawura a bakin magana, amma ranar da buƙata ta taso, abin da jama'a za su duba shi ne ko maganarsa tana da nauyi. Gara mutum ya faɗi kaɗan ya cika, da ya faɗi dubu a neme shi a rasa. Amana ana shekaru ana gina ta, shekara guda kuma ta isa a rushe ta, kuma waɗanda suka yarda da kai su ne farkon masu ɗanɗana kuɗarsu.