Ga Mai Bi Wanda Ya Shiga Kwaleji

Ya ɗan'uwa, ka tuna da Daniyel. Shi ma ɗan makaranta ne a Babila, nesa da gidan ubansa, aka sa shi koyo shekara 3. Ya ƙi abincin sarki da ruwan inabinsa, ya roƙa a gwada shi kwana 10 da kayan lambu da ruwa kaɗai. Da kwanakin suka cika, ya fi masu cin abincin sarki kyaun jiki.

Ban ce ka bar nama ba. Amma jikin nan naka amana ce daga wurin Ubangiji, za ka kuwa ba da lissafinta.

Na ga samari da yawa, sa'anda jarrabawa ta kusato, su kan tauna goro su kwana bisa littafi. Da safe kai ya yi nauyi, addu'a ta gagara, karatun kuwa ya zube kamar ruwa a kwando, gama cikin barci ne abin da aka koya ya kan zauna. Ka kwanta da wuri cikin gidan sauro, ka sami wajen sa'a 8. Ka tashi da asuba, ka buɗe Littafi Mai Tsarki tun ɗaki bai cika da surutu ba. Kada ka tafi aji ba ka karya kumallo ba, ko da koko ne.

In abokan ɗaki sun yi maka ba'a, ka ƙyale su, ka ja bargonka.