Kala a Gonar Bo'aza: Uwa Mai Renon 'Ya'ya Ita Kaɗai

Karatu: Rut 2, 2 Sarakuna 4:1-7

A unguwannin Yelwa da Gwallameji da Rafin Zurfi, kamar sauran sassan birnin Bauchi, akwai gidaje masu yawa waɗanda mace ce kaɗai take ɗauke da su. Wata gwauruwa ce, ciwo ko hatsarin mota ko tarzoma irin ta Afrilun 2011 ta raba ta da mijinta. Wata mijin ya tafi neman kuɗi bai waiwayo ba. Wata kuwa yarinya ce da ta yi ciki tana makaranta, ta shiga horon ikkilisiya, karatu ya tsaya. Dalilansu dabam dabam ne, amma da gari ya waye damuwarsu ɗaya ce: abin da yara za su ci, da kuɗin haya, da kuɗin magani.

Akwai shirye-shiryen gwamnati na ilimi da koyon sana'a da za su iya sauƙaƙa wannan kaya. Duk da haka, waɗansu 'yan'uwa mata suna gudunsu don kunya, suna ganin kamar bara ce, ko kuwa alamar ƙarancin bangaskiya. Maganar Allah tana da amsa a kan wannan.

Kala doka ce

Sa'ad da Rut ta iso Baitalami tare da surukarta Na'omi, dukansu biyu gwauraye ne, ba magaji. Rut ta fita kala a bayan masu girbin sha'ir. Ba roƙo ta je yi ba, gama Shari'ar Musa ta riga ta hana mai gona girbe gefen gonarsa ko komawa ya tsince abin da ya zuba, wannan rabon matalauci ne da baƙo da maraya da gwauruwa (Littafin Firistoci 19, Maimaitawar Shari'a 24). Wato Allah da kansa ya sa tanadin marasa ƙarfi a cikin dokar ƙasa, bai bar shi ga halin kirkin mai dukiya kaɗai ba. Haka nan kuɗin da gwamnati ke kashewa a kan koyar da sana'a dukiyar jama'a ce, gwauruwa kuwa tana cikin jama'a. Wadda ta je ta rubuta sunanta hakkinta ta nema.

Amma kala aiki ne. Rut ta sunkuya tun da safe har yamma, sa'an nan ta sussuke abin da ta tara ta kai gida. Doka ta buɗe mata gona, hannunta ne ya cika mudu.

Gonakin yau

Tun 1986 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar samar da aikin yi, NDE, wadda take da ofishi a Bauchi. Cikin ayyukanta akwai haɗa almajiri da gwanin sana'a, ya koyi ɗinki, ko gyaran gashi, ko girki, ko aikin kwamfuta. Hukumar yaƙi da jahilci ta jiha tana da azuzuwan manya, inda matar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba za ta koyi karatu da rubutu da lissafi. Wadda ta tsaya a sakandare tana iya zana jarrabawar NECO ko WAEC ta 'yan waje, daga nan ta nemi shiga kwalejin Tatari Ali, ko jami'ar karatu daga gida, NOUN, wadda take da cibiya a Bauchi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta ce firamare da ƙaramar sakandare a makarantun gwamnati kyauta ne, saboda haka bai kamata talla ta maye gurbin aji ga 'ya'yanta ba.

Sai dai a lura, shirin gwamnati yakan zo ya wuce. An ga na kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta fara a 1987, an ga NAPEP a 2001, an ga tallafin Naira 5,000 a wata da aka ɓullo da shi a 2016. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, kowa ya ga yadda tsada ta cinye darajar kuɗi. Abin da aka ba mutum a hannu yakan ƙare, abin da aka koya wa hannun shi ne yake zama. Gwauruwar da ta kai kuka wurin Elisha domin mai binta bashi zai kwashe 'ya'yanta biyu, annabin ya fara da tambayarta abin da ya rage mata a gida. Ɗan mai ne kaɗai. Allah ya riɓanya shi, amma ita ce ta kai kasuwa, ta biya bashi, ta ci da 'ya'yanta daga sauran. Wadda ta sami keken ɗinki bayan horo, kada ta sayar da shi don biki ko anko. Shi ne tulun manta.

Rabon ikkilisiya

Maƙwabta ne suka ba gwauruwar nan aron tuluna, man kuwa bai tsaya ba sai da tuluna suka ƙare. Abin da ya fi hana irin waɗannan mata gama horo shi ne rashin mai riƙe musu yaro da rashin kuɗin mota. Zumuntar Mata tana iya raba kwanaki, tsofaffi su riƙe goyo har uwa ta dawo daga aji. Dattawa su riƙa bin labarin ɗaukar masu koyo, a sanar ran Lahadi. Matasa masu ilimi su taimaka da cika takardu da neman lambar NIN, su kuma gargaɗe su game da 'yan damfara masu karɓar kuɗi ko lambar sirri ta banki da sunan tallafi. In ta gama, masu bi su fara kai mata ɗinki, su biya ta a kan lokaci.

Bo'aza ya yi wani abu kuma: ya kwaɓi samarinsa kada su taɓa Rut. Macen da ba ta da miji takan haɗu da masu neman mutuncinta kafin su sa sunanta a takarda, takan kuma haɗu da dangin miji masu kwashe gado. Ikkilisiyar da ta yi shiru a nan ta bar aikinta.

Game da yarinyar da ta faɗi, zunubi zunubi ne, kuma na mutum biyu ne. Bai dace ita kaɗai ta zauna a bencin baya, namijin yana yawonsa ba. Manufar horo ita ce maido da mai tuba. Ɗan da ta haifa bai yi laifin kome ba. Allah da ya ji kukan yaron Hajaratu a jeji, ya buɗe idonta ta ga rijiya, bai sāke ba. Iyaye su mai da 'yarsu makaranta, gama rufe mata ƙofar ilimi tura ta ne zuwa faɗuwa ta biyu.

Rut mai kala ita ce ta haifi Obida kakan Dawuda, sunanta kuwa yana cikin asalin Yesu Almasihu. Ubangiji, Uban marayu da mai kāre gwauraye, ya ƙarfafa hannun kowace uwa mai fama ita kaɗai, ya kuma ba ikkilisiyarsa zuciyar Bo'aza. Amin.