Ɗan Ekklisiya Ko Almajiri?

A cikin Sabon Alkawari duka, sau uku kaɗai aka ambaci sunan nan Krista: sau biyu cikin Ayyukan Manzanni, sau ɗaya cikin wasiƙar Bitrus ta fari. Amma kalmar almajiri ta fito fiye da sau 250. Mutanen Antakiya ne suka fara laƙaba wa masu bi sunan Krista, kuma waɗanda aka laƙaba wa sunan, almajirai ne tun kafin a kira su haka. Mu kuwa mun juya abin. Kowa a cikinmu Krista ne, amma almajiranci mun bar wa fasto da mai bishara da samarin da suka tafi makarantar Littafi Mai Tsarki a Kagoro ko Gindiri.

To, 'yan'uwa, ga tambaya. Mutum ya iya zama ɗan ekklisiya sosai, sunansa yana cikin littafi, yana ba da zakka da baiko, yana cin Jibin Ubangiji, duk da haka bai zama almajirin Yesu ba?

Bari mu fara duba kalmar kanta. Sa'ad da aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha wahalarsa shekaru da yawa, masu juyi ba su ƙaga sabuwar kalma ba. Sun ɗauki wadda kowane Bahaushe ya sani. Asalinta Larabci ne, watau mai hijira, wanda ya bar garinsu. A yau in an ce almajiri, abin da ya ke zuwa wa mutane a rai shi ne yaro da kwano a ƙofar gida. Amma tun asali almajiri shi ne wanda ya bar ɗakin uwarsa ya tafi ya zauna wurin malam domin neman sani. Inda malam ya tafi, nan ya ke tafiya. Yana yi masa noma, yana ɗebo itacen da za a hura a yi karatun dare. Yana koyon abin da ke rubuce a allo, yana kuma koyon yadda malam ya ke gaisuwa, da yadda ya ke cin abinci, da abin da ya ke yi in an ɓata masa rai. Masu juyin nan sun yi zaɓe mai kyau, gama haka Bitrus da Andarawus suka zauna da Ubangiji. Sun bar jirgi da taru, sun ci tare da shi, sun kwana inda ya kwana.

Amma akwai wurare biyu inda almajirin Yesu ya bambanta. Na ɗaya, a tsangaya uba ne ya ke zaɓen malam ya kai ɗansa, ko kuwa gardi ya zaɓa da kansa. Yesu kuwa shi ne ya yi kira, kuma ya kira waɗanda babu malamin da zai so: masunta, da Matta mai karɓar haraji. Na biyu shi ne wanda ya fi damunmu. Almajirin tsangaya yana da ranar sauka. Ya fara kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi, wata rana shi ma ya kafa tasa makaranta. A cikin Matta sura 23 Ubangiji ya hana mutanensa neman wannan girma, ya nuna musu Malaminsu ɗaya ne, su kuwa 'yan'uwa ne. Watau a wannan makaranta babu sauka. Tsohon fasto mai furfura da yarinyar da aka yi wa baftisma jiya, tabarma ɗaya su ke zaune a kai.

Mu dai mun yi wa kanmu ranar sauka, ita ce ranar baftisma. Mai neman baftisma yakan yi watanni cikin aji. Ba ya fashi. Ya haddace Dokoki Goma da Addu'ar Ubangiji, ya amsa tambayoyin dattawa yana rawar jiki. Ranar da ya fito daga ruwa, an yi waƙa, an ci shinkafa, shi ke nan ya rataye allo. Ko dattawan ma ba su ƙara tambayarsa kome, sai fa in ya yi laifin da ya fito fili. Amma umurnin da ke ƙarshen Bisharar Matta ya sa koyarwa a bayan baftisma, kuma koyarwar ta kiyayewa ce, watau ta aikatawa. Ɗan koyon ƙira ba ya zama maƙeri don ya iya faɗin sunan uwar maƙera da masaba da awartaki. Sai ya yi shekaru yana zuga, wuta ta ƙone shi, ya ɓata ƙarfe da yawa.

Don haka amsar tambayarmu ita ce i, yana yiwuwa, kuma yana faruwa kowace Lahadi. Littafin ekklisiya hannun mutum ne ya rubuta shi.

Wani zai ce, ashe dai fasto da mai bishara ne almajirai, tun da su ne suka bar sana'a. A'a. Duba Ayyukan Manzanni sura 9. Akwai mutum biyu a wurin da Luka ya kira almajirai, babu manzo ko ɗaya cikinsu. Ɗaya Hananiya ne na Dimashƙu, wanda aka aika wurin Shawulu, mutumin da ya zo garin da takardun kama masu bi. Hananiya ya ji tsoro, ya faɗi tsoronsa a fili, amma ya tafi, ya ɗibiya masa hannu, ya kira shi ɗan'uwa. Ɗayar kuwa Tabita ce ta Yafa. A Helenanci, ita kaɗai ce cikin Sabon Alkawari aka kira da kalmar almajira ta mace. Ba mu da labarin wa'azinta ko ɗaya. Ɗinki ta ke yi. Da ta mutu, gwauraye suka tsaya suna kuka suna nuna wa Bitrus rigunan da ta ɗinka. Mata da yawa cikin Zumuntar Mata suna wannan aiki, masu kai kunu asibiti, masu kwana gidan makoki, amma ba mu saba kiransu da sunan da Luka ya kira Tabita ba.

Akwai kuma kuskure na wancan gefe. Wani ya ga sanyin ekklisiya, da faɗan kuɗi, da zaɓen dattawa bisa ga kabila, sai ya ce, ni da Allahna, in yi karatuna a ɗaki. Ina jin tausayinsa, amma ba na bin bayansa. Abin mamaki ne, kalmar almajiri ba ta fito ko sau ɗaya cikin wasiƙun manzanni ba. A can sunan ya zama 'yan'uwa, da tsarkaka, da gaɓoɓin jiki ɗaya. Almajirancin bai ƙare ba, wurin yinsa ne ya zama taron masu bi. Yaya mutum zai koyi gafara in babu wanda ya cuce shi? Yaya zai koyi haƙuri shi kaɗai a ɗaki? Dattijon nan mai tsawon magana, da matar nan mai tsegumi, da saurayin da ya ci bashi bai biya ba, su ne darasin da aka rubuta maka a allo.

Ga wata magana mai nauyi da ba mu cika yi ba. A cikin Markus sura 10 Ubangiji ya yi alkawari cewa wanda ya rasa gida ko dangi ko gona sabili da shi zai sami ninkinsu tun a wannan zamani, tare da tsanani. Ta hannun wa zai samu? Ta hannun ekklisiya. Babu wata hanya. A ƙasarmu wannan ba labarin da ba ne. Saurayi ya ba da gaskiya, ubansa ya kore shi, an ƙwace gonarsa, an fasa ba shi yarinyar da aka yi masa alkawari. Ranar Lahadi an tsai da shi gaba ya ba da shaida, jama'a sun yi tafi. Ranar Litinin ina zai kwana? Wa zai ba shi 'yarsa? Mun iya yi masa wa'azin ɗaukar gicciye, mu da ba mu rasa kome ba. Amma kiran da ya raba shi da gidan ubansa, shi ne kuma ya ke kiran dattijo mai ɗakuna huɗu ya buɗe ɗaya. Sa'ad da almajiran Urushalima suka ƙi yarda da Shawulu, Barnaba ne ya kama hannunsa ya kai shi wurin manzanni. Da bai yi ba, Allah kaɗai ya san yadda labarin zai kasance.

Na san abin da wasu za su ce: in an ɗaga abin haka, za a kori raunana. Wannan tsoro yana da dalili, gama akwai masu wa'azin da su ke mai da almajiranci bulala. Amma almajiri ai mai koyo ne, kuma mai koyo yana kuskure. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, Toma ya yi shakka. Yohanna ya kira Yusufu na Arimatiya almajiri, ko da ya ke a ɓoye ya ke bi don tsoro, kuma shi ne ya fito ya roƙi Bilatus jikin Yesu ran da sauran suka watse. Kada mu yi saurin yanke wa masu bi na ɓoye shari'a. Abin da ya raba almajiri da wanda ba almajiri ba shi ne, ɗaya yana komowa a wanke allonsa a sake rubutawa, ɗayan kuwa ya daina zuwa, ko da jikinsa yana kan benci.

A nan ne ya kamata mu sake duba horon ekklisiya. Wa mu ke sa wa horo? Yarinyar da ta yi ciki, da wanda aka gani yana shan giya, da wanda ya ƙara mata. Ban taɓa jin an zaunar da mutum a bencin baya don ya tauye mudu, ko ya hana lebura hakkinsa, ko ya shekara biyar ba ya gaisawa da ɗan'uwansa ba. Kuma wanda aka sa wa horon, sau da yawa babu mai zuwa gidansa har watannin su cika. Malamin kirki in ya hori yaro, yakan ƙara matso da shi kusa ne.

A shekarun 1960 aikin Sabon Rai Don Kowa ya nuna cewa manoma da masu ɗinki da matan gida sun iya taruwa kaɗan kaɗan a gidaje su yi addu'a, su koya, su fita bibiyu. Ba a bukaci gini ko kuɗi mai yawa ba. Dattawa sun iya yin irin wannan tun daga baftisma mai zuwa. Kafin a shiga ruwa, a nemo wa kowane sabon mai bi wani tsohon mai bi, namiji ga namiji, mace ga mace, wanda zai riƙa zuwa gidansa, su ci tuwo tare, su yi karatu tare, ya san bashin da ke kansa da halin da ya ke ciki da matarsa. A rubuta sunayen biyun a shafi ɗaya. Bayan shekara guda, in dattawa sun zauna, su kira babban su tambaye shi labarin ƙaramin.