Haƙƙin Mamaci A Kan Maganarsa

A ƙasar Amurka an yi wani shahararren marubuci ana ce da shi Robert Heinlein. An haife shi a 1907, ya rasu a 1988. Sana'arsa ita ce ƙaga labarai a kan abin da ilmin kimiyya zai iya kawowa nan gaba, kamar tafiya duniyar wata. Ya fara sayar wa mujallu gajerun labaransa a 1939. Cikin 1941 da 1942 aka buga waɗansu guda uku da sunan aro, watau Lyle Monroe. Da hannunsa ya faɗa, sai ya raina su, ya ƙi sa su cikin littattafansa har ya bar duniya. Amma a 2005, shekara 17 bayan rasuwarsa, aka haɗa su da waɗansu aka buga a littafi guda.

To, waɗanda suka yi wannan aiki sun kyauta, ko kuwa sun ci amanar mamaci?

Masu zargi suna da hujja. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Maƙerin da ya jefar da lauje don ya ga bai yi kyau ba, ba zai so magada su kai shi kasuwa da sunansa ba. Mamaci kuwa ba shi da bakin kare kansa, saboda haka mutuncinsa amana ne a wuyan masu rai.

Masu goyon baya kuma ba su rasa abin faɗi ba. Magana zarar bunu ce. Marubucin da kansa ya sayar da labaran, ya karɓi kuɗi, jama'a suka karanta, don haka ba wani asiri aka tona ba. Ban da wannan, mai koyo da ya ga tuntuɓen gwani zai sami ƙarfin zuciya, ya gane babu wanda aka haifa da iyawa.

Abin da zai raba gardama shi ne gaskiya. In an buga su an bayyana cewa aikin farkon hannu ne, mai su ma bai yarda da su ba, to, ba a zalunce shi ba, mai karatu kuwa ya ƙaru. Amma wanda ya ɓoye haka, ya yi tallarsu kamar su ne gwanintar mutumin don kwaɗayin riba, ya cuci mamaci, ya kuma cuci mai saye.