Sanyin hali ga shugaba: aibi ne ko ado?

Akwai tambayar da ke damun duk wanda aka ɗora wa jagorancin mutane: shin shugaban da ke jinkirin hukunta na ƙasa da shi mai hikima ne, ko kuwa mai sakaci? Rayuwar Samuel Ajayi Crowther, Baƙar fata na farko da ya zama bishop a cocin Angilikan, ta isa a auna wannan tambaya da ita.

Ɗan ƙasar Yarabawa ne. Mahara sun kama shi a 1821 yana yaro, aka yi ta cinikinsa hannu zuwa hannu har ya faɗa jirgin fataken bayi ƴan Fotugal. Sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin a 1822, suka sauke shi a Saliyo, inda ya yi karatu ya shiga addinin Kirista. A 1841 ya bi ayarin da ya hau kogin Kwara tare da Schön, Bajamushen nan da ya duƙufa kan nazarin Hausa. A 1864 aka naɗa shi bishop a Kantabari.

Wanda ya ɗanɗani bauta yana iya fitowa da zuciya mai ɗaci. Shi bai fito haka ba. Ya fahimci cewa gardama mai zafi ba ta juya zuciyar kowa, don haka ya riƙa zama da sarakuna da malaman Musulmi cikin ladabi. Ya yi hulɗa da Etsu Masaba a Bida. Daga baya Etsu Maliki ya aika saƙo yana neman Crowther ya roƙi Sarauniyar Ingila ta hana shigo da barasa ƙasar Nupe. Sarki Musulmi ba ya kai kuka irin wannan sai ga wanda ya yarda da mutuncinsa.

To, wannan sanyin hali shi ne aka mayar laifi. A 1890 wasu samarin mishan Turawa suka zarge shi da sakin linzami. Ba a ce zargin duk ƙarya ne ba: cikin ma'aikatansa akwai waɗanda suka yi abin kunya, tsohon kuwa ya fi son nasiha da kora. Shugaban da ke yafe wa mai laifi kullum yana iya zaluntar wanda aka yi wa laifin, wannan gaskiya ce mai nauyi. Amma a dubi yadda aka yi gyaran. A taron Anaca, samarin da ba su kai sa'ar ƴaƴansa ba suka dakatar da limaman Afirka a gabansa, har da ɗansa Dandeson, ba tare da girmama furfurarsa ko muƙaminsa ba. Da gyara kaɗai ake nema, da an canza ƴan ma'aikata an bar ragama a hannun ƴan ƙasa. Sai ga shi bayan rasuwarsa a ƙarshen 1891 Bature aka ba kujerar, kuma aka yi kusan shekaru 60 kafin wani ɗan ƙasa ya sake riƙe lardin cocin da kansa.

A 2014, shekaru 150 da naɗin, shugaban cocin na lokacin, Justin Welby, ya tsaya a Kantabari ya amsa cewa an zalunci Crowther.